Yadda Ake Karanta Karkarwar Dutse Mai Aman Wuta a Allon Na'ura

Girgizar ƙasa da karkarwar dutse mai aman wuta na'ura ɗaya ce ke ɗaukar su, amma kamanninsu a allo sun sha bamban. Girgiza tana da farko da ƙarshe: dutse ya tsage a ƙarƙashin ƙasa, igiyar kaɗawa ta farko mai sauri, wato P, ta iso, ta biyu, wato S, ta biyo ta, cikin 'yan sakan an gama. Karkarwa kuwa ba ka iya ɗora yatsa ka ce ga inda ta fara. Layin da ke kwance siriri a allo ne zai soma kauri a hankali, ya ci gaba da kaɗawa minti biyar, ko awa uku, wani lokaci har watanni. Abin da ke haddasa ta yawanci motsin wani abu ne mai gudana a cikin dutsen: narkakken dutse, iskar gas, tururi, ko ruwan zafi da ke ratsa tsagogi.

Mai sabon shiga wannan aiki yakan so a ba shi lamba ɗaya, a ce in karkarwa ta kai kaza to dutse zai fashe. Babu wannan lambar. Etna da ke Italiya kusan kullum cikin karkarwa yake, mutane na noma a gindinsa. Wani dutsen kuma da ya shekara ɗari yana barci, karkarwa ta minti goma ma ta isa a tayar da kowa. Abin da ake karantawa shi ne sauyi: me ya canza daga halin da aka san wannan dutsen da shi, a waɗanne tashoshi, wato wuraren da aka kafa na'urorin auna girgiza, aka gan shi, kuma me sauran na'urori ke cewa a daidai wannan lokacin.

Abubuwa uku da za ka buɗe a gabanka

Na farko shi ne shafin layuka, wanda ake kira helikoda. Kowane layi minti 15 ne ko 30, an jera su daga sama zuwa ƙasa, shafi ɗaya na ɗauke da yini guda. Na biyu sifektirogiram, wanda zan riƙa kira hoton murya: lokaci a kwance, yawan kaɗawa a sakan a tsaye da ma'aunin Hz, launi kuma na nuna ƙarfi. Na uku zanen matsakaicin ƙarfi, wato RSAM. Manhajar Swarm ta hukumar USGS ta Amurka tana nuna na farko da na biyu kyauta, wanda ya iya yaren kwamfuta na Python kuma manhajar ObsPy za ta yi masa dukkansu.

Kafin ka fassara komai, san na'urar da kake kallo. Tsohuwar mai gajeren zango, irin mai 1 Hz, kusan kurma ce ga duk abin da ya yi ƙasa da haka. Mai faɗin zango tana jin kaɗawar da ke ɗaukar sakan 60 ko 120 kafin ta zagayo sau ɗaya. Duba kuma sau nawa na'urar ke auna kaɗawar, wato ɗaukar samfuri, a sakan, domin rabin wannan adadin ne iyakar abin da za ka gani. Samfuri 100 na ba ka har 50 Hz, samfuri 20 kuwa a 10 Hz zai tsaya. Agogon shafin ma kusan kullum na duniya ne, UTC, sai ka lissafa na wurin da dutsen yake da kanka, in ba haka ba, za ka ɗauki hayaniyar rana a matsayin ta dare.

Akwai kuma wani tarko a helikoda. Wasu shafukan suna daidaita girman zanen da kansu, ta yadda ranar da babu komai za a kumbura ƙaramar hayaniya ta cika shafi. Kauri a ido ba hujja ba ne sai ka duba ma'aunin da ke gefe.

Tambayar farko: dutsen ne kuwa?

A nan nake ɓata mafi yawan lokacina, kuma ban taɓa ganin asara ce ba. Yawancin abin da ke kama da karkarwa a tasha ɗaya ba daga cikin dutse yake ba.

Iska ita ce kan gaba. Tashar da ke kan tudu, kusa da itatuwa ko turken eriya, tana cika da hayaniya idan iska ta taso. A hoton murya za ka gan ta a baje, ta mamaye sama da ƙasa ba tsari, tana zuwa a guguwa-guguwa. Buɗe bayanan yanayi ka kwatanta. In ƙarfin na hawa da sauka tare da gudun iska, ka samu amsa.

Sai teku. Igiyoyin ruwa na girgiza ƙasa ko'ina a duniya, har a tsakiyar nahiya, kuma wannan ruri na zaune tsakanin 0.1 da 0.3 Hz ko kusa da haka, da wani ɗan ƙarami a ƙasa da shi. Idan hadari ya taso a teku sai ya kumbura na kwana biyu ko uku. A tsibirai irin su Hawai na Amurka ko La Palma na Sifen yakan rinjayi komai in ba a tace ba. Shi ya sa ake yanke abin da ke ƙasa da 0.5 Hz ko 1 Hz kafin a lissafa RSAM. Wanda ya manta da wannan zai yi ta ba da rahoton hadarin teku da sunan dutse.

Hayaniyar mutane tana da sauƙin ganewa saboda tana bin agogo. Tana tashi da safe, ta lafa da dare, ta ragu ranakun hutu. A shekarar 2020, lokacin kullen korona, masana sun auna raguwarta a tashoshi da dama na duniya har kusan rabi. Inji kuma, ko famfon ruwa ko janareto, yana zana siririn layi miƙaƙƙe a hoton murya, wanda ke kunnuwa lokaci guda ya mutu lokaci guda. Dutse ba ya riƙe murya ɗaya cak haka na sa'o'i ba tare da ta ɗan yi rawa ba. Jirgi mai saukar ungulu ya fi yaudara, domin yana zana layuka hawa-hawa masu zamewa, kama da waɗanda zan yi bayani a gaba. Bambancin shi ne nasa na farawa sama su gangaro yayin da yake wucewa, cikin minti ɗaya ko biyu an gama, sannan su bayyana a tasha ta gaba daidai da gudun jirgi.

Akwai abin da ba na cikin dutse ba ne amma kisa yake yi: malalar taɓo da duwatsu da ke bin kwari. Siginarta tana da siririyar murya, sau da yawa sama da 10 Hz, tana kumbura a hankali ta sake lafawa, kuma ta fi ƙarfi a tashar da ke bakin kwari fiye da ta kan ƙololuwa. In ka ga ƙarfin na sauka daga tasha ta sama zuwa ta ƙasa bi da bi, kada ka tsaya nazari, akwai mutane a ƙasan kwarin. Irin wannan malala ce daga Nevado del Ruiz na Kolombiya ta binne garin Armero a daren 13 ga Nuwamba 1985, mutum kusan 23,000 suka rasu, sa'o'i biyu da 'yan kai bayan aman.

Gwajin da ya fi kowanne sauƙi shi ne a jera tashoshi bisa nisansu da bakin dutsen. Karkarwa ta gaskiya tana bayyana a tasha fiye da ɗaya a lokaci guda, ta fi ƙarfi a kusa, ta ragu da nisa. Abin da ke tasha ɗaya tak, ka fara zargin tashar: batiri ya yi sanyi, ruwa ya shiga waya, ko dabba na gugar akwatin. Abin da ke ko'ina da ƙarfi iri ɗaya, har tashoshi masu nisan kilomita ɗari, daga nesa ya zo, ko babbar girgiza a wata nahiya ko hadari.

Muryar karkarwar

Idan ka tabbatar dutsen ne, koma hoton murya. Tagar lissafin da ka zaɓa, wato tsawon lokacin da ake yanka a lissafa kowane sau, tana canza abin da za ka gani. Taga mai sakan 10 tana bambanta layukan da ke da ratar 0.1 Hz, amma tana dagula abin da ke faruwa da sauri. Taga mai sakan 2 tana nuna kowace ƙaramar girgiza daban, amma layukan sai su narke cikin juna. Ni biyu nake buɗewa gefe da gefe, kuma sau da yawa abin da ya zama karkarwa a doguwar taga sai ya tarwatse ya zama jerin ƙananan girgiza a gajeriyar.

Dole ka san 'yan uwan karkarwa guda-guda, domin daga cikinsu take fitowa. Girgizar VT ita ce ta tsagewar dutse: farkonta kaifi gare shi, P da S a fili, ƙarfinta daga 5 Hz zuwa 15 ko fiye. Girgizar LP murya mai kauri gare ta, tsakanin 0.5 da 5 Hz, ba a ganin S sosai, kuma tana jan wutsiya. Bernard Chouet na USGS ya yi bayaninta da cewa tsaga ce cike da ruwa ko gas da aka buga take amsawa. Akwai mai haɗa biyun, ta fara da kaifi ta ƙare da kauri. Tun kafin Chouet, Takeshi Minakami na Japan ya raba girgizar duwatsu zuwa nau'in A da nau'in B, kuma har yau za ka ci karo da waɗannan sunaye a rahotanni.

Karkarwa mai faɗi, wadda ta baje tsakanin 1 da 5 Hz ko ta haura zuwa 10 ba tare da layi bayyananne ba, ita ce aka fi gani lokacin da dutse ke aman. Tana bin ƙarfin fitar abu daga baki. A Piton de la Fournaise da ke tsibirin Reunion na Faransa tsarin ya zama sananne: tarin girgizar VT na awa ɗaya ko 'yan sa'o'i, sannan girgizar ta ragu karkarwa ta maye gurbinta, alamar narkakken dutse ya iso sarari ko yana dab da isowa. A can karkarwa sanarwar farawa ce, gargaɗin ya riga ya wuce tun a tarin girgiza.

Mai layuka hawa-hawa ita ce ta fi ɗaukar ido. Za ka ga layi a 1.2 Hz, wani a 2.4, wani a 3.6, rata iri ɗaya. Bayani biyu ake yi mata, kuma ya kamata ka riƙe duka biyun. Na ɗaya, bututu ne ko tsaga ke amsa amo, kamar yadda sarewa ke ba da murya gwargwadon tsawonta da abin da ke cikinta. A wannan fassarar, idan layukan suka zame, to abin da ke cikin bututun ne ya canza, misali kumfar gas ta ƙaru, domin kumfa kaɗan na rage gudun sauti a ruwa ƙwarai. Na biyu, ƙananan girgiza ne iri ɗaya ke maimaituwa a kan kari. Idan ana samun ɗaya duk bayan sakan 0.83, lissafi da kansa zai fitar da layi a 1.2 Hz da ninke-ninkensa, ko da babu bututun da ke amsawa.

Dutsen Redoubt na Alaska ya nuna na biyun a fili a watan Maris 2009. Kafin wasu daga cikin fashe-fashensa, ƙananan girgiza masu kama da juna sun riƙa matsowa kusa da juna har suka haɗe, layin ya hau daga ƙasa da 1 Hz zuwa wajen 30 Hz cikin mintoci, wato girgiza kusan 30 a sakan ɗaya. Daga nan sai ɗif, na rabin minti zuwa minti guda, sai fashewa. Alicia Hotovec da abokan aikinta ne suka bi diddigin wannan suka wallafa a 2013. Tashar da ke ɗaukar samfuri 20 a sakan da ba ta ga kashi biyu cikin uku na wannan hawan ba.

Don ka gane wanne ne a gabanka, koma baya zuwa kafin layukan su bayyana. In akwai girgiza guda-guda masu zane iri ɗaya da ratarsu ke raguwa, ka auna ratar ka juya ta. Idan ɗaya bisa ratar ya yi daidai da inda layin farko ya soma, maimaituwa ce. Haka aka riƙa gani a Soufrière Hills na Montserrat a 1997: girgiza masu haɗin biyu su taru su zama karkarwa, gefen dutsen ya kumbura, sannan ya sace tare da fitar toka, a sake zagayowa bayan wasu sa'o'i.

Wata kuma tana zuwa ne zubi-zubi a kan lokaci, minti 20 tana yi, awa guda ta huta, ta dawo. A helikoda sai ta fito kamar ratsi-ratsi. An fi danganta ta da ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke tafasa, ya huce, ya sake tafasa. An gan ta a Nevado del Ruiz a farkon Satumba 1985, kafin fashewar tururi ta ranar 11 ga watan. Amma a Fagradalsfjall na Aislan, a watan Mayu 2021, irin wannan zubi-zubin na bin feshin narkakken dutse ne da ke tashi ya kwanta duk bayan 'yan mintoci, ana kallo a kyamara. Kamanni ɗaya, dalili daban.

Ga wadda nake ganin kowa ya kamata ya haddace siffarta. A Galeras na Kolombiya akwai girgizar LP mai murya ɗaya tak da doguwar wutsiya da ke siranta a hankali, masu aikin wurin suka sa mata suna tornillo. Ba ta da yawa, ɗaya ko biyu a rana, kuma ba ta motsa RSAM ko kaɗan. An gan ta kafin yawancin fashe-fashen dutsen na 1992 da 1993, muryarta na ƙara kauri, wutsiyarta na ƙara tsawo daga rana zuwa rana. Fashewar 14 ga Janairu 1993 ta kashe mutum tara, shida daga cikinsu masana ne da suka hau bakin dutsen.

Ƙarfi da yadda ake auna shi

RSAM abu ne mai sauƙi: a ɗauki girman kaɗawa ba tare da kula da sama ko ƙasa ba, a fitar da matsakaici duk minti ɗaya ko goma. Elliot Endo da Thomas Murray ne suka bayyana shi a 1991, bayan an gwada shi a dutsen Mount St. Helens na Amurka. Amfaninsa na fitowa ne lokacin da girgiza ta yi yawa har ba a iya ƙirga ta, kamar yadda ya faru a Pinatubo na Filifin a kwanakin da suka kai ga 15 ga Yuni 1991.

Rauninsa shi ne ba ya tambayar daga ina. Iska, girgizar nesa, malalar taɓo, duka yana haɗiye su. Don haka kada ka kalle shi shi kaɗai, kuma ka raba shi zango-zango, misali 0.5 zuwa 2 Hz, 2 zuwa 5, da 5 zuwa 15. Sau da yawa jimillar na nan yadda take amma ƙarfin ya ƙaura daga wani zango zuwa wani, kuma wannan ƙaurar ita ce labarin. Lambar RSAM ta wata tasha ba a kwatanta ta da ta wata kai tsaye, domin ƙasa mai laushi ko tarin toka na kumbura kaɗawa ninki da yawa fiye da tasha da ke kan dutse mai tauri. In ana son kwatanta dutse da dutse, akwai ma'aunin da Keiiti Aki da Robert Koyanagi suka kawo a 1981, wanda ke cire tasirin nisa da na na'ura, ana rubuta shi da santimita murabba'i.

Siffar hawan ta fi tsayinsa muhimmanci. A Etna, inda aka yi feshin wuta sama da 50 a 2021 daga bakin kudu maso gabas, karkarwa kan soma hawa a hankali na sa'o'i, ta miƙe tsaye lokacin feshin, ta faɗo da sauri in an gama. Masu sa ido na cibiyar nazarin duwatsu masu aman wuta ta Italiya, INGV, a Catania sun san wannan siffar har suna gane ta tun tana ƙasa. Hawan da ke ƙara sauri, wato kowace awa ta fi ta baya ƙari, shi ne Barry Voight ya gina hanyar hasashensa a kai a 1988: a zana ɗaya bisa adadin da ake aunawa kowace awa, in layin na gangarowa miƙe zuwa sifili, inda zai taɓa sifilin shi ne lokacin da ake tsammani. Tana kyau ƙwarai idan an waiwaya bayan abu ya faru. A lokacin da abin ke gudana kuwa, layin na iya lanƙwasa ko ya tsaya, don haka ni ina ɗaukar ta a matsayin ƙarin shaida ne kawai.

Ka lura da yankewar zane. Idan kaɗawa ta fi ƙarfin na'ura, saman igiyar sai ya zama a baje, RSAM ya daina hawa alhali dutsen bai daina ba. In ka ga tashar kusa ta tsaya cak a lamba ɗaya, koma ta nesa.

Daga ina take fitowa

Tunda babu P da S da za a tsinka, ba a gano wurin karkarwa kamar na girgiza. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce rabon ƙarfi tsakanin tashoshi biyu. Raba RSAM na tashar ƙololuwa da na tashar gindi. Idan tushen na wuri ɗaya kuma ƙarfinsa ne kawai ya ƙaru, rabon ba zai canza ba. Idan rabon na hawa, tushen na matsowa sama. Idan tashar gabas ta soma rinjayar ta yamma, wataƙila narkakken dutse na yanka hanya ta gefe, kuma wannan ya fi komai muhimmanci ga mazauna wannan gefen. Jean Battaglia da Aki sun faɗaɗa wannan dabara a 2003 a Piton de la Fournaise, suka riƙa neman wurin da ya fi dacewa da ƙarfin da kowace tasha ta gani.

Zurfi na canza ma'ana gaba ɗaya. A ƙarƙashin kudancin tsibirin Hawai ana samun karkarwa a zurfin kilomita 40 ko kusa, ba tare da ta nuna za a yi aman gobe ba. Amma a Pinatubo girgizar LP mai zurfin sama da kilomita 30 a ƙarshen Mayu 1991 daga baya an fahimci sabon narkakken dutse ne ke shigowa daga ƙasa. Na'ura mai faɗin zango kuma na kama abin da sauran ba sa ji: ranar 11 ga Nuwamba 2018 wata kaɗawa mai zagayen kusan sakan 16 ta fito daga yankin tsibirin Mayotte da ke Tekun Indiya, ta yi sama da minti 20, tashoshin duniya suka ɗauka, ba wanda ya ji a jikinsa. A 2019 aka gano sabon dutse a ƙarƙashin teku, kimanin kilomita 50 gabas da tsibirin.

Idan ta yi shiru

Nan ne aka fi yin kuskure, domin zuciya na son ta ɗauki raguwa a matsayin sauƙi. Raguwar karkarwa na iya nufin abin da ke turowa daga ƙasa ya ƙare. Tana iya nufin kuma hanyar ce ta toshe, matsin na taruwa. A zanen RSAM su biyun kama ɗaya suke. Abin da ke raba su yana wajen na'urar girgiza. In karkarwa ta ragu, gas ɗin sulfur da ke fita ya ragu, dutsen kuma na sacewa a na'urar auna karkata da GPS, to lafawa ce. In karkarwa da gas sun ragu amma dutsen na ci gaba da kumbura, ko girgizar VT ta ƙaru a sama-sama, toshewa ce har sai an tabbatar da akasin haka. A Pinatubo gas ɗin ya tashi daga tan 500 a rana a tsakiyar Mayu zuwa sama da 5,000 a ƙarshen watan, sannan ya faɗo warwas a farkon Yuni, kwanaki kaɗan kafin manyan fashe-fashen.

Yadda ta ragu ma abin dubawa ne. Saukowa a hankali cikin kwanaki daban take da yankewa lokaci guda. A La Palma, aman da ya fara 19 ga Satumba 2021, karkarwa ta kusan ɓacewa ranar 27 ga watan na wasu sa'o'i, da yamma wuta ta dawo. Da ta sake ɓacewa daren 13 ga Disamba, hukumomi ba su yi gaggawa ba, sai ranar 25 ga wata suka ayyana an gama.

Akwai kuma duwatsun da ba sa ba da lokaci. A Ontake na Japan, ranar 27 ga Satumba 2014, karkarwa ta fara ƙarfe 11:41, fashewa ta zo 11:52, mutum 63 suka mutu ko suka ɓace. Ƙaruwar girgizar da aka gani ranakun 10 da 11 ga watan ta riga ta lafa. Fashewar tururi ce, kuma irinta ba ta buƙatar narkakken dutse ya yi doguwar tafiya yana fasa hanya. Nyiragongo na Kwango, da tafkin wutarsa ke karkarwa dare da rana, ya tsage ta gefe ranar 22 ga Mayu 2021, alamun da aka gano daga baya ba su kai awa guda kafin aman ba. Whakaari na Niyu Zilan ya nuna fuska biyu cikin mako ɗaya: ya fashe 9 ga Disamba 2019, mutum 22 suka rasu, sannan bayan kwana biyu karkarwa ta yi tashin da ya fi na kafin fashewar, amma babbar fashewa ta biyu ba ta zo ba.

Shin yana aman yanzu?

Da dare ko cikin gajimare, wannan ce tambayar da masu kula da jiragen sama za su yi maka, kuma suna da dalili: ranar 15 ga Disamba 1989 jirgin fasinja ya shiga tokar Redoubt, injinansa huɗu suka mutu kafin a samu tayar da su. Na'urar girgiza kaɗai ba ta iya rantsuwa a kan amsar. Mai taimaka maka ita ce makirfon ɗin sautin da ke ƙasa da 20 Hz, wanda kunne ba ya ji. Sauti a iska na tafiyar mita 340 a sakan, igiyar ƙasa kuwa kilomitoci. Tasha mai nisan kilomita 3.4 daga baki za ta ji ta ƙasa kusan nan take, ta iska ta iso bayan sakan 10. In ka ga wannan jinkirin, kuma karkarwar na tafe da sautin iska mai ɗorewa, bakin a buɗe yake, abu na fita. In ƙasa na kaɗawa iska shiru, abin na ciki tukuna. Daga nan sai kyamarar zafi da hoton tauraron ɗan'adam su faɗi ko toka ce ko tururi.

Abin da za ka rubuta wa wanda zai karɓe ka ya zama abin da ka gani, a ware da abin da kake zato. Lokacin farawa da agogon duniya, tashoshin da suka gani da waɗanda ba su gani ba, zangon da ƙarfin ya taru, ko akwai layuka da inda suke zamewa, ninki nawa ta fi matsakaicin makon jiya, rabon ƙololuwa da gindi, da abin da ka kawar, wato iska, ruwan sama, jirgi. Rubuta tace nawa ka sa da tagar da ka yi amfani da ita, don ya iya maimaita abin da ka yi. Sannan a layi na daban ka faɗi fassararka da wata fassarar da ita ma za ta iya zama daidai. Matakin da za a kira shugaban aiki ko hukumar agajin gaggawa kuwa tun ranar da babu komai ake amincewa da shi a rubuce, kuma idan sigina ta kai shi ka ɗaga waya, ko da kana ganin iska ce.